Fina-finan Kaboyi Masu Tafiyar Hawainiya: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu kallon da suka kunna fim ɗin kaboyi suna jiran harbe-harbe, sai suka tarar da maza biyu zaune bakin wuta ba mai ce wa wani uffan. A amsoshin da ke ƙasa an fayyace ƙarshen wasu fina-finai, musamman The Power of the Dog da Brokeback Mountain. Wanda bai gan su ba kuma ba ya son a faɗa masa ƙarshe, sai ya tsallake tambayoyin da suka shafe su.

Wane irin fim ne wannan, me ya raba shi da kaboyin da aka sani?

Kaboyin da iyayenmu suka kalla a silimun Kano da Yamai tsarinsa sananne ne: baƙo ya shigo gari kan doki, mugu ya addabi mutane, a fito kan titi a zare bindiga, akta ya kashe bos. Shahararsa ta kai har Moustapha Alassane na Nijar ya yi nasa a 1966, Le Retour d'un aventurier, inda wani matashi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hana ƙauye sakat.

Irin wanda muke magana a kai ya riƙe doki da sirdi da malafa da faɗin daji, amma ya ɗauke faɗan daga kan titi ya mayar da shi cikin ƙirjin mutum. Tambayarsa ita ce: namijin da aka horar da cewa kuka abin kunya ne, tausayi rauni ne, son wani kuma ba a furta shi, yaya rayuwarsa take idan dare ya yi? A The Power of the Dog na Jane Campion, wanda ya fito a 2021, ba a harbi kowa ba daga farko har ƙarshe, amma an yi kisa.

Me ya sa suke tafiya a hankali haka? Ba jan rai ba ne kawai?

A wasu jan rai ne, za mu zo kan wannan. A masu kyau kuwa, jinkirin shi ne aikin. Jarumin irin wannan labari mutum ne mai zurfin ciki, wanda da a ce zai iya buɗe baki ya faɗi damuwarsa da labarin ya ƙare cikin minti goma. Tunda bakin a rufe yake, dole darakta ya nemo wani wurin da maganar za ta fita: hannu, kallo, tazarar da mutum ke bari tsakaninsa da wani, kayan da yake ɓoyewa. Ido kuwa ba ya karanta waɗannan da sauri. Sai an bar kyamara kan fuska har mai kallo ya ga murmushi ya zo ya wuce, ya ga abin da ya rage bayansa.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, a kawar da kan ake gane girman abin da ke ranta. Haka ake karanta waɗannan mazaje.

Dubi farkon Brokeback Mountain na Ang Lee, na 2005. Samari biyu sun zo neman aikin kiwon tumaki a Wayomin a 1963, suna tsaye ƙofar ofishin mai ɗaukar aiki. Mintoci suka wuce ba wanda ya yi magana. Ennis ya sunkuyar da kai ƙarƙashin malafa, Jack kuwa yana satar kallonsa ta madubin mota yana aske gemu. Kafin a ji muryar ɗayansu mai kallo ya riga ya san wane ne mai nema, wane ne mai gudu.

A aikace, ta yaya ake haɗa wannan sanyin tafiya?

Abu na farko tsawon ɗauka. A fim ɗin faɗa na Holiwud na yanzu, hoto kan sauya duk bayan sakan 2 zuwa 4. A nan ana iya barin ɗauka ɗaya ta yi rabin minti ko fiye, kuma mai haɗa hoto kan ƙi yankewa a inda aka saba, wato da zarar an gama magana. Yakan bar sakan uku ko huɗu bayan kalmar ƙarshe, don a ga abin da maganar ta yi wa wanda aka faɗa wa.

Na biyu, tsallake tsaka-tsaki. Ana yawan haɗa hoto mai faɗin gaske, inda mahayi ya zama ɗan ɗigo a gindin dutse, da hoto na kurkusa ƙwarai, kamar yatsu kan igiya ko ƙuda kan fatar doki. Hoton rabin jiki, wanda aka saba ɗaukar hira da shi, sai a rage shi. Ari Wegner, wadda ta ɗauki The Power of the Dog, ta kuma yawaita ɗaukar waje daga cikin duhun barga ko ta taga, yadda faɗin daji zai bayyana a cikin firam kamar an kulle shi. Wannan dabarar tsohuwa ce, John Ford ya buɗe The Searchers na 1956 da ƙofa, ya rufe shi da ƙofa. Kelly Reichardt kuma ta bi ta wata hanya: a Meek's Cutoff na 2010 da First Cow na 2019 ta yi amfani da allo mai kusan murabba'i maimakon mai faɗi, don kada mai kallo ya hango abin da ke gefe, kamar yadda mutanen cikin labarin ba su hangowa.

Na uku haske. Kafin lantarki ya kai karkara, fitilar kananzir da wutar itace ne hasken dare, kuma masu ɗaukar hoto kan kwaikwayi wannan. Misalin da ake yawan kawowa shi ne fashin jirgin ƙasa a The Assassination of Jesse James by the Coward Robert Ford na 2007, inda Roger Deakins ya bar daji cikin duhu, fitilar goshin jirgi ta zo tana ratsa bishiyoyi tana haska fuskokin 'yan fashi da suka rufe da ƙyalle.

Na huɗu sauti, kuma shi mutane suka fi raina wa. Idan magana ta yi ƙaranci, ƙarar kaimi a kan katako, kukan fatar sirdi, iska da numfashi su ne ke cike gurbin. A The Power of the Dog, a gidan su Phil, makiyayin da labarin ke kansa, Rose matar ƙanensa kan ji takunsa a bene kafin ta gan shi, kuma fitonsa kaɗai ya isa ya sa ta nemi kwalba. Kiɗan da Jonny Greenwood ya yi wa fim ɗin da gangan ba ya kwantar da rai. Na Gustavo Santaolalla a Brokeback Mountain jita ce da 'yan sautuka kaɗan da shiru mai tsawo a tsakaninsu.

Me ya sa kaboyi aka zaɓa don wannan magana, ba soja ko ɗan kasuwa ba?

Saboda a tunanin Amurkawa babu hoton namiji da ya kai shi. Amma kaboyin tarihi da na silima ba ɗaya ba ne, kuma a wannan tazarar waɗannan fina-finai suke aiki. Zamanin kora shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene, bai wuce shekara 20 ba, daga wajajen 1866 zuwa 1886. Garken shanu 2,000 zuwa 3,000 maza goma zuwa sha biyu ke kora shi, su yi kilomita 15 zuwa 25 a yini, tafiyar wata biyu ko uku, a kan albashin dala 25 zuwa 40 a wata. Akasarinsu matasa ne talakawa marasa aure, da yawansu baƙar fata ne ko 'yan Meziko, waɗanda daga wurinsu ma aka koyi sana'ar. Waya mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta yanyanka makiyaya, jirgin ƙasa ya ƙaraso, sanyin hunturun 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu masu ɗimbin yawa, zamanin ya wuce.

Wato rayuwa ce ta maza zalla, a kwana wuri ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya, ran wani a hannun wani, amma a ƙarƙashin ƙa'idar da ta hana nuna taushi. Ga kusanci, ga hani. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro rikici, yana nan a shimfiɗe.

Lura kuma da shekarun da ake zaɓa. The Power of the Dog a 1925 aka kafa shi, lokacin da mota ta riga ta shigo, Brokeback Mountain kuma daga 1963 zuwa farkon shekarun 1980. Mazajen ciki suna kwaikwayon duniyar da ta mutu kafin su girma. Phil Burbank ɗan masu kuɗi ne da ya yi karatu a jami'ar Yale, ƙin wankan da yake yi da kaushin bakinsa riga ce ya ɗinka wa kansa.

Wannan salon sabo ne, ko dama akwai shi?

Dama akwai, a lulluɓe. Daga 1934 zuwa 1968 kamfanonin Holiwud sun yi aiki ƙarƙashin dokar tace fim da aka fi sani da sunan Hays, wadda ta hana nuna luwaɗi ko ambatonsa, ta kuma taƙaita yadda za a nuna zina da cin amanar aure. Daraktoci sai suka koyi faɗar abu ba tare da sun faɗa ba. A The Searchers, Ethan Edwards da John Wayne ya fito a matsayinsa yana son Martha, matar ɗan'uwansa. Babu layi ɗaya a fim ɗin da ya faɗi haka. Abin da aka nuna shi ne Martha ta ɗauko rigarsa ta soja tana shafa ta a hankali, wani dattijo da ke shan kofi a falo ya gani, ya kafe idonsa gaba kamar bai gani ba. Wanda ya kau da kai a wannan sakan ɗin bai fahimci haukan ramuwar da Ethan ya yi shekaru yana yi bayan an kashe Martha ba. Shane na 1953 ma haka: baƙo da matar mai gida, kallo kawai.

A Red River na 1948 akwai wurin da samari biyu, Montgomery Clift da John Ireland, suka yi musayar bindiga kowa yana yaba ta ɗan'uwansa. Masu sharhi, tun daga littafin Vito Russo na 1981 kan yadda Holiwud ta nuna masu neman jinsi, sun daɗe suna karanta wurin da wata ma'ana. Ana iya yarda, ana iya ƙi. Abin da ya sauya bayan 1968 shi ne an sami damar faɗa kai tsaye, amma gwanayen sun riƙe tsohuwar dabarar saboda ta fi ƙarfi.

To duk fina-finan nan a kan namiji mai son namiji suke?

A'a, kuma kuskure ne babba a shiga kowane fim da wannan zato. A Brokeback Mountain da The Power of the Dog da gajeren fim ɗin Pedro Almodóvar na 2023, Strange Way of Life, maganar a fili take. A fim ɗin Jesse James abin da ke cin Robert Ford ya fi kama da bautar gwarzo da ta rikiɗe ta zama hassada, har ya harbe Jesse, shahararren ɗan fashin, ta baya ranar 3 ga Afrilu 1882 a St. Joseph ta jihar Mizuri. First Cow abota ce tsakanin mai dafa abinci da wani Basine a Oregon ta shekarun 1820, suna satar madarar saniya ɗaya tilo da ke yankin suna soya ƙuli-ƙulin fulawa suna sayarwa. The Rider na Chloé Zhao, na 2017, saurayi ne da doki ya fasa masa kai aka hana shi hawa, yana neman sanin ko shi namiji ne in ba a kan sirdi ba. Unforgiven na Clint Eastwood, na 1992, tsohon makashi ne da ke danne abin da ya san yana iya aikatawa. Abin da ake dannewa ya bambanta, dannewar ce ta haɗa su.

Me ya sa Phil ya tsani Rose da ɗanta haka, alhali ba su yi masa komai ba?

Dalilan a jere suke, The Power of the Dog yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya cikin babi biyar. Na sama shi ne George, ƙanensa. Shekara 25 suna kiwo tare, ɗaki ɗaya suke kwana, sai George ya auro bazawara mai gidan abinci ba tare da shawararsa ba. Phil ya ce kuɗi ta biyo. Na ƙasa da wannan shi ne Peter, ɗan Rose, siriri mai yin furanni da takarda, wanda ba ya ɓoye yadda yake. Phil ya kunna taba da ɗaya daga furannin a gaban ma'aikatansa. Yaron yana yawo a fili da abin da shi Phil ya kwashe rayuwarsa yana binnewa, kuma wannan ne ba zai iya yafewa ba.

Na can ƙasa shi ne Bronco Henry, mutumin da ya koya wa Phil hawa da kiwo, wanda ya mutu shekara 20 da wani abu kafin labarin. Ba a taɓa nuna fuskarsa ba. Sirdinsa na rataye a barga kamar wurin ziyara, Phil yana goge shi da dare. A wani lungu na bakin rafi, inda ake shiga ta ƙarƙashin rassa, Phil ya ɓoye mujallun hotunan maza masu ɗauke da sunan mamacin, nan kuma yake keɓewa da gyalen mamacin. Peter ya gano wurin. Daga ranar ce Phil ya sauya masa fuska ya ce zai kitsa masa igiya, kuma fim ɗin bai yanke hukunci ko tsoro ne, ko dabarar ƙuntata wa uwar ce, ko kuwa kaɗaici ne ya sami wanda zai zuba wa abin da aka taɓa zuba masa ba. Benedict Cumberbatch ya yi wasan yadda duka ukun za su iya zama gaskiya a lokaci guda.

Muguntarsa ga Rose, wadda Kirsten Dunst ta fito a matsayinta, ba ta hannu ba ce. Tana koyon wani kiɗa a fiyano tana tuntuɓe, sai ya ɗauko banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, daga bene ya kaɗa shi tsaf, ya tsaya inda ta tsaya, ya ci gaba in ta ci gaba. Bai zage ta ba, amma daga nan ta fara sha.

Ban gane ƙarshen ba. Me ya kashe Phil?

Peter ne, da cutar antiraks da ake ɗauka daga dabbobi, kuma an shimfiɗa komai a gaban mai kallo tun da wuri. A farkon fim Phil ya umarci a nisanta garke daga wata mushen saniya saboda cutar. An nuna ba ya sa safar hannu, ko a wajen fiɗiye maruƙa. An nuna Peter ɗalibin likitanci ne, ya kama zomo ya feɗe shi a ɗakinsa ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Sannan ya hau doki shi kaɗai zuwa duwatsu, ya sami mushe, ya sa safar hannu, ya yanko fata. Daga baya Phil ya yanke a hannu wajen ɗaga tarin itace. Rose kuma cikin maye ta bayar da ƙiragan da Phil ya shanya ga wasu 'yan asalin ƙasar, fatun da dama ƙonawa zai yi in ya gama. Phil ya rasa abin ƙarasa igiya, Peter ya ce yana da tasa fatar.

A nan sanin yadda ake yin irin wannan igiya yana taimakawa. Ba jemammiyar fata ake amfani da ita ba, ɗanya ce. Ana shanya ƙirgi a miƙe, a kankare gashin, a yanka shi a zagaye daga baki zuwa tsakiya don a sami zare ɗaya mai tsawo, a daidaita kaurinsa, sannan a jiƙa shi ya yi laushi kafin a kitsa shi tufka huɗu ko shida ko takwas, a ƙarshe a shafe da kitse. Jima kan rage haɗarin ƙwayar cuta, ɗanyar fata kuwa tana tafe da duk abin da dabbar ta mutu da shi. Phil ya tsoma hannu mai buɗaɗɗen rauni cikin ruwan da fatar ke jiƙe, ya kwana yana kitso. Da safe bai fito karin kumallo ba.

Hujjar ƙarshe: Peter bai je jana'iza ba, ya karanta aya ta 20 a Zabura ta 22, inda aka ɗauko sunan littafin Thomas Savage na 1967 da na fim ɗin, sannan ya tura igiyar ƙarƙashin gado da safar hannu.

Da gaske antiraks na kisa ta wannan hanya?

Tana yi. Ƙwayar cutar kan yi shekaru gommai a ƙasa, dabba ta kwasa wajen kiwo, ta faɗi farat ɗaya, saifarta a kumbure, wani lokaci jini na fita ta hanci da dubura. Mutum kan kamu ta fata in ya taɓa mushe ko ƙirgi ko gashi da rauni a jikinsa. Cikin kwana 1 zuwa 7 ƙurji kan fito, ya zama gyambo mai baƙin tsakiya wanda ba ya cika zafi. In ba magani, kusan mutum ɗaya cikin biyar na iya mutuwa idan ta shiga jini. A 1925 babu fenisilin, sai 1928 aka gano shi, kuma sai shekarun 1940 ya wadata. Inda fim ɗin ya yi son kai shi ne sauri: ya matse kwanaki ya mayar da su kamar dare ɗaya, kuma dabarar Peter caca ce, don mafi yawan masu kamuwa ta fata suna tashi. Cutar ba tatsuniyar Turawa ba ce, an tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja a Yulin 2023, shi ya sa likitocin dabbobi ke hana feɗe dabbar da ta mutu ba a san dalili ba.

Mene ne bambancinsa da Brokeback Mountain?

Ɗaya labarin soyayya ne da tsoro ya cinye, ɗaya labarin farauta ne da aka yi wa shigar wasan iyali. Ennis, wanda Heath Ledger ya yi da haƙora a cije kamar kowace kalma sai an ciro ta da ƙarfi, yana da shekara tara ubansa ya kai shi ya ga gawar wani makiyayi da aka kashe saboda yana zaune da namiji. Wannan gawa ce ke yanke masa shawara har tsufa. Dannewarsa ta fi cin kansa, ko da yake ta ci matan ma. Alma, matarsa, ta taɓa ɗaura 'yar takarda a igiyar kamun kifinsa kafin ya tafi ɗaya daga tafiye-tafiyen da yake cewa na kamun kifi ne, ta tarar da ita a bushe bayan ya dawo. Phil kuwa nasa ciwon a kan wasu yake sauke shi.

Brokeback Mountain, daga gajeren labarin Annie Proulx na 1997, ya ci babbar kyautar bikin Banis a 2005 da Oska uku, har da ta darakta. The Power of the Dog an zaɓe shi sau 12 a takarar Oska ta 2022, ya ci ɗaya kacal, ta darakta, Campion ta zama mace ta uku da ta karɓe ta.

An ce ba a Amurka ma aka ɗauke su ba?

Haka ne. Montana, jihar da labarin fim ɗin Campion ya faru, a yankin Otago na Niyu Zilan aka ɗauke ta, Wayomin ta Ang Lee kuma akasari a Alberta ta Kanada. Kuɗi da tallafin gwamnatoci da neman fili marar turakun lantarki ne ke jawo haka. Ba sabon abu ba ne, Sergio Leone ɗan Italiya a hamadar Almeriya ta Sifen ya ɗauki yawancin kaboyinsa. Ɗan wasa Sam Elliott ya soki fim ɗin Campion a 2022 kan wannan da kuma kan jigonsa, daga baya ya ba da haƙuri.

A ina irin wannan fim yake lalacewa?

Mafi yawa a inda aka ɗauki shiru a matsayin zurfi. Doguwar ɗauka tana aiki ne idan mai kallo ya san abin da mutumin yake so da abin da zai rasa in ya furta. In ba a dasa wannan a minti 20 na farko ba, sauran duk hoton duwatsu ne. Gwaji mai sauƙi: a ƙarshen kowace fitowa, tambayi kanka me ya sauya tsakanin mutanen. In fitowa uku a jere amsar babu, laifin fim ne, ba na haƙurinka ba.

Sai cika alama. Igiya ɗaya ta isa. Idan kowace bindiga da kowane turke sai an ɗauke su yadda za su nuna wani abu, mai kallo zai fara dariya. Akwai masu ganin Campion kanta ta kusa faɗawa nan a wurin goge sirdi, kuma ba su rasa hujja ba. Sai mayar da mata kayan ado, su yi kuka a taga kawai don a nuna ciwon namiji. Sai kuma bayani a ƙarshe, inda jarumi zai tsaya ya zayyana duk abin da aka yi awa biyu ana ɓoyewa. Akwai haɗarin kasuwa ma: fim ɗin Jesse James minti 160 ne, masu sharhi sun yaba, amma bai mayar da kuɗin da aka kashe masa a silima ba.

Ana iya kallonsu da iyali?

Yawancinsu a'a. Brokeback Mountain da The Power of the Dog da fim ɗin Jesse James da Unforgiven duk suna rukunin R a Amurka, wato ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga sai da babba. Brokeback Mountain na da kwanciya tsakanin maza biyu da tsiraicin mata. The Power of the Dog babu kwanciya tsakanin maza, amma akwai tsiraicin maza a rafi, da wani wuri na Phil shi kaɗai da gyalen, da fiɗiyar maraƙi a fili. Wanda addininsa ko tarbiyyarsa ba su bar shi ya kalli irin wannan ba, amma yana son ganin salon, Shane da The Searchers da Meek's Cutoff da First Cow sun fi sauƙi, ko da yake The Searchers na da kisa da ƙiyayyar launin fata da yaro zai buƙaci a yi masa bayani.

Yaya ya kamata a kalla, musamman a waya?

Kada a ƙara gudun bidiyo, domin tsawon shirun shi ne ma'aunin. A sa abin ji a kunne, lasifikar waya na haɗiye taku da numfashi da fito. A kalla da dare ko a ɗaki mai duhu, a kuma sauke mai nauyi in data ta bari, saboda ƙaramin fayil a wuraren duhu yake fara dagulewa, nan kuwa rabin labarin yake. A kunna rubutun ƙasa ko da ana jin Turanci, don Ennis ko Amurkawa ba sa jin duk abin da yake cewa. Irin fassarar da mai magana ke cike kowane gurbi da barkwanci ta dace da fim ɗin faɗa, a nan kashe fim take yi. In da hali a kalli The Power of the Dog sau biyu. A karo na biyu a bar kallon Phil, a bi Peter da hannuwansa.

Da wanne zan fara?

Wanda ya taso da tsohon kaboyi ya fara da Unforgiven, don yana da harbi kuma yana rushe harbin a lokaci guda. Daga nan The Searchers, a sa ido kan minti 15 na farko a gidan Martha. Sai The Power of the Dog, wanda ya fi kowanne saka wa mai lura. Fim ɗin Jesse James da na Reichardt a bar su sai ido ya saba, don Meek's Cutoff na iya shafe mintoci ana nuna mata na tsallaka kogi da kaya a ka, kuma yana ƙarewa ba tare da an faɗa ko ayarin ya sami ruwa ba.